Buhu Biyu a Kujerar Surukina

Aikin nan ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Kwana uku na yi a ƙarƙashin mota a tsakiyar bazara, farcen babban yatsana ya fita, bayana ya yi sati bai miƙe ba. Kuma duk wahalar a kan sifirin ɗaya ce, na gaba, ɓangaren dama, wato ɓangaren da surukina yake zama.

Shekara biyu ko uku ke nan bayan an yanke mu daga Kano an ba mu jiharmu. Lokacin ina jan wata tsohuwar motar shiga yashi mai buɗaɗɗen baya, irin mai ja da taya huɗu, wadda ta yi wa masu haƙar rijiya aiki har ta gaji kafin ta zo hannuna. Sauran ranaku ina ɗauko kayan miya daga wajen Gagarawa. Ranar Alhamis kuwa ta kasuwar Maigatari ce. Ba na bin kwalta, masu bas sun cinye ta. Daga Gumel sai in zaga ta ƙauyukan bayan Sule Tankarkar, in kwashi masu awaki da tumaki, in ɓulla Maigatari ta cikin yashi.

Surukina dillalin shanu ne, kuma duk Alhamis shi ne a gidan gaba, ba a ma tambaya. Mutum ne da Allah ya ba shi jiki. In ya sa babbar riga ya shigo zaure, sai ka tsaya ka jira ya gama wucewa. Kuma yana ji da jikin nan nasa. Ya ce ubansa haka yake, kakansa ma haka, gidansu ba a haifar siriri. In ya dafa bijimi a kasuwa, bijimin yakan san an dafa shi.

In ya zo shiga motata, zai kama ƙofa, ya ɗora ƙafa, ya saki jiki. Sai motar ta yi ƙara, ƙiiiƙ, ta rusuna ta wajen dama. Shi kuma sai ya fito da hannu ta taga ya bubbuga ƙofar ya ce, "Sannu 'yar nan, yi haƙuri, ni ne." 'Yan tasha har suna suka sa mata, Mai Ladabi. Shekara shida ana haka.

Shi yana jin daɗi, ni nake shan wuya. Sifirin wannan ɓangaren ya kwanta sarai. Taya tana gugar ƙarfen da ke samanta, kana tafiya kana jin ƙaurin roba. Sitiyari yana fisgar dama, a cikin yashi sai ka ce kokawa nake da rago. Wata Alhamis a gangaren wani tudu saura kaɗan mu kife. Awaki suka zubo a kan mutane, wata tsohuwa ta zage ni har kakana. Surukina ya gyara hula ya ce, "Direba, ka rage gudu." Alhali tafiyar da nake yi ko jaki zai wuce ni.

To yaya zan yi? In ce masa, Baba, nauyinka ne? Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ɗana da ya ci sunan ma da laƙabi muke kiransa. In na je gidansa tun daga bakin ƙofa nake cire takalmi. Gara mu kife.

Da aka tashi daga kasuwa ran nan sai na ce masa inji yana ɗan ciwo, zan tsaya a duba, ya bi wata motar. Na kai tawa wajen wani maƙeri Badamagare, mai jefa Faransanci cikin magana, da ke bayan tashar manyan motoci. Aikinsa ke nan, sifirin. Ga wanda bai sani ba, sifirin irin motata fallayen ƙarfe ne aka jera, dogo a sama, gajeru a ƙasa, aka ɗaure su da dogon noti guda a tsakiya. In ya gaji, ko dai a bubbuge shi ya koma lanƙwasarsa, ko a ƙara masa falle.

Maƙerin ya durƙusa ya leƙa, ya yi tsaki.

"Me kake ɗorawa a nan, raƙumi?"

Na ce, "Mutum ne."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya. Babban mutum ne."

Ya ɗago ya dube ni, sai ya fashe da dariya. "A'a! Alhajin 'yan shanu? Surukin naka?"

Na ce ni ban ce ba.

Shi yadda yake aikinsa, ba ya ƙara falle da ka. Sai an kawo ainihin nauyin da motar za ta ɗauka an ɗora, ya ɗauki sandarsa ya auna daga ƙasa zuwa bamba, hagu da dama, har su zo daidai. Ya ce a wajen ubansa ya koya haka, tun ana yi wa amalanke.

"Kawo shi ya zauna," in ji shi.

Na ce, "Kana da hankali kuwa? In je in ce wa surukina ya zo maƙera a gwada shi?"

"To, bon. Sai mu yi da buhu."

Akwai wani mai hatsi a maƙwabtansa, ya yarda ya ara mana buhunan gero. Saura a san buhu nawa ne surukina. A nan aka yi ɓarnar.

Mai hatsin nan kullum cikin ɗaga buhu yake, ya san abin da yake faɗa. Ya rufe ido ɗaya kamar yana hango shi, ya ce, "Buhu ɗaya ne da 'yan tiyoyi. Ka ce tiya goma sha biyar."

Ni ma a raina na san haka ne. Amma ga mutane sun fara taruwa, ana sauraro. A gabana, a tsakiyar Maigatari, a ce uban matata buhu ɗaya ne? Raina ya ɓaci.

Na ce, "Malam, ka san wa kake magana a kai? Mutumin da mahauta suke miƙewa tsaye in ya shigo kasuwa?"

Mai hatsi ya ce, "Ni nauyi aka tambaye ni."

Maƙeri ya ce, "A'a, gaskiya direba ya yi magana. Dattijo irin wannan, buhu ɗaya raini ne. A sa buhu da rabi."

Na ce, "Rabi kuma? Ana raba babban mutum?"

Mai hatsi ya kaɗa kai ya ce shi dai a mayar masa da geronsa ba tare da an huda buhu ba. Aka tsaya a kan buhu biyu. Muka ɗora ɗaya a kujera, muka danna na biyu a kansa har ya tokare rufi. Motar ta durƙusa kamar za ta roƙi gafara.

Washegari aka fara. Jak ya ƙi tsayawa a yashi, kana bugawa yana nutsewa, sai da muka samo gindin wani fasasshen turmi muka ɗora shi a kai. Notunan da suka riƙe sifirin tun zuwan motar duniya ba wanda ya taɓa su. Muka jiƙa su da kananzir, muka sa wa sifana dogon bututu, na hau da ƙafa. A na uku sifana ta zame, yatsana ya haɗu da ƙarfe. Na ga taurari da rana tsaka. Maƙeri ya ce in tsoma shi a baƙin mai, ya ci gaba da aikinsa.

Fallayen da za a ƙara daga wata matacciyar babbar mota ya ciro su, kamyo yake ce mata, ta shekara tana ruɓewa a bakin iyaka. Kowanne kaurinsa ya yi biyun na motata. Sai an sa a wuta an sare shi daidai tsayi, an huda tsakiya. Shi ne mai guduma, ni ne mai zuga. Ga rana a sama, ga wuta a gaba, ga yatsa yana bugawa kamar ganga.

Muka ƙara falle ɗaya, muka ɗaure, muka sauke jak, muka loda buhu biyu. Ya auna da sanda. Saura. Muka sauke buhu, muka kwance, muka ƙara na biyu. Ya auna. Saura yatsa uku. Na ce a bar shi haka. Ya ce shi ba ya rabin aiki, sunansa zai ɓaci har Damagaram. Rana ta uku muka ƙara na uku. Ya auna hagu, ya auna dama, ya jefar da sandar ya ce, "Wala!"

Da aka sauke buhunan sai motar ta ɗaga ta dama kamar kare zai yi fitsari. Na ce wannan fa? Ya ce, "Kada ka damu, in Alhaji ya shiga za ta daidaita." Haka na koma Gumel kafaɗata manne da ƙofa.

Alhamis ta zagayo. Na tsaya a ƙofar gidan surukina na ɗauke shi kamar kullum. Ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafa, ya ga matakin ya yi masa nisa, ya ƙara ɗagawa. Ya saki jiki a kujera.

Shiru. Motar ko gezau.

Hannunsa ya riga ya fita ta taga zai bubbuga ƙofa, sai ya tsaya a iska. Ya sauka. Ya sake shiga, wannan karon da ƙarfi. Ba abin da ya motsa. Ya ɗan yi tsalle a zaune. Shiru.

"Direba, an yi wa motar nan wani abu ne?"

Ga dama ta samu, da ni mai hankali ne. Amma in na ce an ƙara sifirin, zai ce don me, kuma don me a ɓangarensa kaɗai. Na sunkuyar da kai na ce, "Baƙin mai kawai aka canza, Baba."

Ya ce, "Uhm."

Muka biya tasha ɗaukar mutane. Ya sauka ya yi alwala ya dawo ya shiga, 'yan tasha suna kallo, motar ba ta ce komai ba. Kamasho, mutumin da bakinsa ba ya da birki, ya ɗaga murya ya ce, "Kai jama'a, Mai Ladabi ta daina gaisuwa! Alhaji, ko ka rame ne?" Aka yi dariya. Surukina bai yi ba.

Hanya kuma ta ƙara ɓata abin. Sifirin da aka yi wa buhu biyu ba ya jin mutum ɗaya, duk girmansa. Kowane rami muka faɗa sai ya cilla shi sama, kansa ya daki rufi. Kafin mu wuce Sule Tankarkar hularsa ta zama faifai. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da ba na tashi sama haka." A kasuwa ran nan mai tsire ya kawo masa nasa kamar yadda aka saba, ya ce a mayar.

Daga nan abu ya lalace. Ya koma gida ya tambayi surukata ko ta ga rigarsa ta yi masa yawa. Ita kuma ba ta saba yi masa musu ba, ta ce kamar dai ta ɗan yi. Shi ke nan. Mutumin da yake tashi da malmala uku ya koma taɓa ɗaya ya ture. Da ya daina ci sai ya fara ramewa da gaske, wuyansa ya saki, da ya ga haka sai ya ƙara daina ci.

Ƙannensa suka kai shi wajen malamin asibiti, wani Kirista mutumin wajen Jos da ya daɗe a Gumel, Hausarsa ta fi tawa. Ya auna jini, ya duba ido, ya ce lafiya lau. Ya ɗora shi a sikeli, allura ta tafi ta buga ƙarshe ta tsaya.

Ya ce, "Baba, sikelina ya ƙare, kai ba ka ƙare ba. Je ka ci tuwo."

Surukina ya ce, "Sikelinka yau ya fara ganina. Motar nan shekara shida tana ɗaukata. Ita ta san ni."

Wani Bafulatani amininsa ya kawo masa saiwoyi daga ruga, a jiƙa a sha safe da yamma. Yana sha yana yamutsa fuska. Alhamis ta uku ya shiga motar a hankali, yana kasa kunne. Shiru. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci ko falle ɗaya ya karye. Ina, ƙarfen kamyo ne. Ya fara zargin wani abokin dillancinsa, wanda suka yi shekara talatin suna cin goro ɗaya, wai shi ya yi masa asiri don ya gaje masa masu shanu. Ya daina amsa masa sallama. Alhamis ta huɗu ya aiko a gaya mini in wuce, ba zai je ba. Tun da na san shi, sau ɗaya ya taɓa fashin kasuwa, ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

Ran Laraba da azahar mai ɗakina ta dawo daga gidansu idonta jawur. Ta ce Baba ya tara ƙannensa yana faɗa musu wanda zai riƙe gona da wanda zai riƙe shanu. Ta zauna a bakin gado tana kuka. Na ga abin ya wuce wasa. Na rufe ƙofa na gaya mata komai, tun daga maƙeri har mai hatsi.

Ta daina kuka. Ta dube ni.

"Buhu biyu? Uban nawa ne buhu biyu?"

Na ce, "Don girmamawa ne."

"Girmamawar ce za ta kai shi kabari. Malam, tashi ka je ka gaya masa. Yanzu."

Na tafi bayan la'asar. Na same shi kwance a tabarma a zaure, ga ƙwaryar jiƙo a gefe, ga kwanon tuwo ba a buɗe ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa. Na gaishe shi da jiki, na gaishe shi da zafi, na gaishe shi da iyali, na koma na sake gaishe shi da jiki. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran abin tambaya.

Na ce, "Baba, dama maganar motar nan ce."

Ya ɗaga hannu. "Bar ta, Direba. Motar nan ba ta ƙarya. Mutane kunyata suke ji, kowa ya zo sai ya ce na yi kyau. Ita kaɗai ta gaya mini gaskiya." Ya yi numfashi. "Kai ma ɗan halak ne. Shekara shida kana ɗaukata, ban taɓa ganin ka ɓata fuska ba, ban taɓa jin ka ce na yi maka nauyi ba. Na gaya wa ƙannena, in ta Allah ta kasance, a motarka za a kai ni."

To ka gaya mini, bayan wannan ta ina zan fara? In ce Baba, ai har buhu muka ɗora a madadinka, ana dariya a Maigatari? Na dubi ƙwaryar jiƙon nan, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, na ji an ce maganin Fulanin nan sai ya kwana ashirin a jiki yake kamawa. Kuma in ya kama, dare ɗaya yake mayar da mutum."

Ya juyo. "Wa ya ce?"

"Haka na ji a ruga."

Ya ƙirga da yatsu, ya ce yau kwana goma sha tara.

Na ce, "To gobe Alhamis. A daure a fito a gwada."

Da na koma gida mai ɗakina ta tare ni a tsakar gida. "Ka faɗa masa?"

Na ce, "Ki tashe ni da wuri."

Washegari ina idar da sallar asuba na shiga ƙarƙashin mota. Na aro turmin mai ɗakina na kifa, na ɗora jak. Abin da ya ci mana kwana uku da maƙeri yanzu hannuna ya san shi, notunan ma ba su riga sun yi tsatsa ba. Ita ce take miƙo mini sifana, ba ta ce mini sannu ko sau ɗaya ba. Na zare falle na farko, na zare na biyu. Da na zo na uku sai na tsaya, na tuna gangaren nan da tsohuwar da ta zagi kakana. Na ce, "Ko a bar ɗaya?"

Ta ce, "Cire."

Na cire. Ina shirin ɗaurewa sai ta ce, "Ka manta ya rame da gaske? In ya shiga ba ta yi ƙara sosai ba fa?"

Na kwanta a wurin ina kallon cikin motar. Sannan na zare falle ɗaya daga nata na asali, na ɗaure da tsohon notin tsakiya da na ajiye a aljihun mota.

Da hantsi na tsaya a ƙofar gidansa. Ƙannensa biyu suka riƙo shi, surukata tana leƙe ta bayan ƙyaure. Ya kama ƙofa, ya yi bismilla, ya saki jiki.

Motar ta kurma ihu irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ta rusuna har taya ta manne da ƙarfe, kajin maƙwabta suka watse.

Ya rufe ido. Can ya fito da hannu ta taga, ya bubbuga ƙofar a hankali.

"Sannu 'yar nan. Ni ne."

Sai ya leƙa ya daka wa ƙaninsa tsawa, ya ce me ake jira, a miƙo masa tuwon jiya da ba a taɓa ba, a ɗumama ko kada a ɗumama, kuma a aika wa Bafulatanin nan ya ƙaro saiwa. Aka miƙo kwano ya ɗora a cinya. Na kau da kai don kada in ga yana ci, na sa giya, na kama sitiyari da hannu biyu yana fisgata dama, muka nufi Sule Tankarkar cikin ƙaurin roba.